Lublin, Garin da Ya Sauki Masu Wasan Cafke Sau Uku

A wannan wata za mu leƙa wani gari da ke gabashin ƙasar Polan, sunansa Lublin. Daga Warso, babban birnin ƙasar, tafiyar kamar awa biyu ce a jirgin ƙasa, iyakar Yukren kuma ba ta da nisa da shi. Mutanensa sun ɗan haura dubu 300. Ba shi da teku, ba shi da ma'adinin da ya yi suna, amma idan ka ambaci sunansa a gaban masu wasan cafke na duniya sai ka ga fuskarsu ta washe, domin sau uku yana saukar babban taronsu na Turai: a 2012, da 2017, da 2023.

Bari mu fara da wasan kansa. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya ga 'yan mata suna 'yar carafke da tsakuwa. To, wannan yayanta ne. Mutum zai riƙe ƙwallo uku ko fiye, ko kulake, ko zobba masu faɗi, yana jefawa sama yana cafewa ba tare da ɗaya ya taɓa ƙasa ba. Turawan Ingila suna ce masa jagilin. Babu dabo a ciki, babu tsafi, lissafi ne da horon hannu. Idan ƙwallo na farko ya kai ƙarshen tashinsa sai a saki na biyu ta ƙarƙashinsa, ido kuma yana sama, ba ya kallon hannu. Tsohon wasa ne ƙwarai, don a kaburburan Bani Hasan da ke gefen kogin Nilu a Masar akwai zanen mata suna yin sa, zanen da ya kai shekara dubu huɗu.

Baƙo idan ya sauka a Lublin, tsohon gari zai fara nufa. Zai shiga ta Ƙofar Krakow, wata doguwar hasumiya ta jan bulo mai agogo, ya bi lunguna masu daɓen dutse har dandalin tsohuwar kasuwa. Daga nan hanya ta gangara zuwa Ƙofar Grodzka, a gabanta kuma ga fadar sarakuna bisa tudu. Garin ya sami takardar zama birni tun 1317, kuma a nan ne Polan da Lituwaniya suka ƙulla haɗewarsu a 1569.

Amma Ƙofar Grodzka tana da wani labari mai nauyi. A da ita ce ta raba unguwar Kirista da unguwar Yahudawa. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen garin Yahudawa ne. 'Yan Nazi na Jamus suka hallaka kusan dukkansu, suka rushe unguwar da ke gindin fadar. Yau fili ne da ciyawa da wurin ajiye motoci. A bakin gari kuma akwai sansanin Majdanek, inda aka kashe mutane wajen dubu 78, an bar shi a tsaye don na baya su gani. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane abin da ya sa ganin baƙi daga ƙasashe barkatai suna dariya a waɗannan lunguna yake da ma'ana ba.

Wani marubuci Bayahude haifaffen Polan, Isaac Bashevis Singer, wanda ya ci kyautar Nobel a 1978, ya fitar da littafi a 1960 a kan wani mai dabo ɗan Lublin. Daga wannan labari garin ya ɗauko sunan bikin 'yan wasan titi da yake yi da bazararsu tun 2010. A lokacin bikin akan ɗaura igiya daga wannan bene zuwa wancan, mutane suna tafiya a kai, jama'a na ƙasa sun ɗaga kai sun riƙe baki. Saboda haka da masu cafke suka zo, sun tarar da garin da ya riga ya saba da irinsu.

Shi taron na Turai, wanda ake taƙaita sunansa da EJC, an fara shi a Biraitin ta Ingila a 1978 da mutum 11 kacal. A 2011, da aka yi shi a Munik ta Jamus, mahalarta sun haura dubu 7. Na Lublin na 2017 shi ne na 40, ya kuma dace da cikar garin shekara 700. Taron ba shi da mazauni. Masu son ɗaukar nauyinsa su ke tashi su nema, mahalarta su jefa ƙuri'a, kuma yawancin aikin 'yan sa kai ke yi. Idan lokaci ya yi sai a kafa tantuna, gari guda ya tsiro cikin gari har kwana takwas ko tara, sannan a naɗe a watse. Mu da muka san asalin kalmar zango ba ma bukatar dogon bayani a nan.

Zuciyar wannan zango ita ce babban zauren motsa jiki, wanda ba a rufe shi dare da rana. A bazarar can rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas, gari kuma ya waye kafin biyar, don haka barci kaɗan ake yi. A bango akwai allo, duk mai wata dabara yana iya rubuta sunansa da lokacin da zai koyar, kyauta. Gwanin da ake biyan kuɗi a kalla a manyan dandali yana iya tsayawa kusa da yaron da ya fara jiya, ya gyara masa tsayuwa. Ƙarar da ta fi yawa a zauren ita ce ta kayan wasa suna faɗuwa, kuma ba mai waiwayowa. A sunkuya, a ɗauka, a sake.

Akwai gasa, amma rabinta raha ce. Akan tara masu ƙwallo biyar a fili a ga wanda zai fi daɗewa. Akwai kuma wadda ta yi kama da dambe: kowa yana jefa kulake uku, yana neman ya kaɓe na abokin karawarsa, nasa kuma kada su zube. A ƙarshe jama'a su taru, kowa ya wurga abin da ke hannunsa sama lokaci guda don a ɗauki hoto. A Amurka al'amarin ya fi tsanani. Ƙungiyar masu cafke ta duniya, wadda aka kafa a Pittsburgh a 1947, tana ba da lambobin zinariya a bikinta na shekara. Wata kuma da Jason Garfield ya kafa ta fara gasa a Las Vegas a 2004, aka nuna a talabijin, alƙalai suna rage maki a kan kowace faɗuwa. Har yau masu wasan ba su daina muhawara ba, ko abin nasu wasan motsa jiki ne ko fasaha ce ta burge ido.

Bidiyo ya sauya komai. A da sai mutum ya jira kaset ya iso masa ta gidan waya. Tun da YouTube ya bayyana a 2005, dabarar da aka ƙirƙira a Japan da safe ana iya kwaikwayonta a Brazil da yamma. Da bidiyo ne ake tabbatar da bajinta, irin ta Alex Barron ɗan Ingila da ya sarrafa ƙwallo 11 a 2012. Wannan ya yi wa Afirka rana, domin kuɗin jirgi da wahalar samun biza suna hana da yawa zuwa taro irin na Lublin. Duk da haka Habasha, inda aka kafa ƙungiyar wasannin yara ta Circus Ethiopia a Addis Ababa a 1991, ta fitar da gwanayen da ake gayyata ƙasashen waje.

Sai dai bidiyo yana da wata illa da malamin makaranta zai fi kowa ganewa. Ana yanke faɗuwa ɗari a nuna nasara ɗaya. Yaro ya kalla, ya gwada sau uku, ya kasa, ya ce ba a haife shi da baiwar ba. Haka muke gani a aji, ɗalibi ya ƙi ɗaga hannu don tsoron a yi masa dariya, har ya fita makaranta bai iya raba dogon lissafi ba. Abin da zauren Lublin yake nunawa, wanda waya ba ta nunawa, shi ne gwani ma yana yarwa, ya fi kowa yarwa ma, don ya fi kowa gwadawa.

An zaɓi Lublin ya zama babban birnin al'adun Turai na shekarar 2029. Ba kowa ne cikinmu zai taka can ba. Amma kowace shekara, ranar Asabar mafi kusa da 17 ga Yuni, masu wasan suna bikin ranarsu a duk inda suke. Lemon tsami uku sun isa kayan aiki. Iyaye da malamai, idan kun ga yaro yana jefawa suna zubewa, ku bar shi ya sunkuya ya ɗauka. Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya.