Tabkin Ikko, Gidan Renon Kifin Bonga

Duk wanda ya bi ta kan Gada ta Uku a birnin Ikko, wadda aka kammala a 1990, zai hangi unguwar Makoko a ƙarƙashinsa. Gidajen katako ne bisa turaku a cikin ruwa, kwalekwale na kai da kawowa, hayaƙi na tashi daga inda mata ke bandar kifi. Cikin kifayen da suke bandawa har da bonga, wanda fatake kan kai kasuwannin Arewa.

Tabkin nan ba kogi ba ne, ba kuma teku ba. Da rani ruwan gishiri yakan kutso daga Tekun Atalantika ta mashigin tashar jiragen ruwa, da damina kuwa kogin Ogun yakan cika ya tsarma shi. Bonga yana jure wa wannan sauyi, shi ya sa ake samunsa a gaɓar Afirka ta Yamma tun daga Senegal har zuwa Angola.

Uwar bonga ba ta yin sheƙa, ba ta kuma gadin ƙwai. Takan saki dubbansu a ruwa, namiji ya barbare su, su yi ta yawo a saman ruwa. Cikin kwana ɗaya ko biyu sai su ƙyanƙyashe. Abin da ke fitowa siriri ne kamar zare, garai-garai, bakinsa bai buɗe ba tukuna, sai 'yar jakar gwaiduwa a cikinsa wadda ita ce guzurinsa. Ran da guzurin ya ƙare, tilas ya kama ƙananan halittun ruwa da kansa. A wannan gaɓa ce yunwa da manyan kifaye kan hallaka mafi yawansu. Wanda ya tsira sai ya yi ɓawo mai ƙyallin azurfa, a maƙogwaronsa kuma a sami wani abu kamar rariya da yake tace abinci daga ruwa.

Tun 1972 masana biyu, Fagade da Olaniyan, suka wallafa bincike kan rayuwar bonga a wannan tabki. Wuraren da ƙananan kifaye ke fakewa su ne gefen tabkin marar zurfi da saiwoyin itatuwan gaɓa, kuma su ne ake cikewa da yashi don gina gidaje. Idan gidan reno ya zama fegi, masuntan Makoko ne za su fara ji a komarsu, daga baya masu sayen banda a Kano su ji a aljihunsu.