Rijiya Ta Bayar, Kada Guga Ya Hana

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka in faɗa wa 'yan'uwana malamai da akawuna abin da ya same ni.

Ni malami ne a Ƙauran Namoda, ina koya wa samari ginin shafin intanet. A watan Satumba na 2021 hukuma ta sa aka yanke layin waya da intanet a Jihar Zamfara duka, saboda fitinar 'yan bindiga. Almajiraina suka ce, "Malam, karatu ya ƙare ke nan?" Na ce musu a'a, gama kayan aikinmu duk suna cikin kwamfutata. Akwai Apache mai miƙa shafi ga wanda ya nema, da PHP, watau harshen da mu ke rubuta umurni da shi, da MariaDB ma'ajiyar bayani, da Bootstrap wanda ya ke kamar tubalin da aka riga aka buga, maginin ya jera kawai. Na kwafa wa kowa. Da wani yaro zai koma gida Shinkafi, wani kuma Zurmi, kowa ya tafi da nasa, ya ci gaba da gwaji a ɗakinsa.

Kada wani ya zaci sata muka yi. Masu kayan nan da kansu suka bar rubutun cikinsu a buɗe, suka yarda kowa ya karanta, ya gyara, ya ba wani. A 1993 ma'aikatar bincike ta CERN a Turai ta saki fasahar shafukan nan, wadda Tim Berners-Lee ya ƙago, ba ta nemi ko anini ba. Rasmus Lerdorf ya fito da PHP a 1995. Richard Stallman kuwa, mutumin Amurka, tun 1989 ya tsara wani sharaɗi wai shi GPL: wanda ya gyara manhajar da ke ƙarƙashinsa ya rarraba, lalle ya bar gyaransa a buɗe. Sharaɗin bai hana mutum cin guminsa ba, ɓoyo kaɗai ya hana.

To, ga abin da ya dame ni. Ɗaya daga cikin waɗanda na kwafa wa, da hannunsa ya faɗa, sai ya ƙi nuna wa na bayansa kome, wai kada su ƙwace masa kasuwa. Raina ya ɓaci, na ce rijiya ta bayar, guga ya hana. Amma da na zauna na yi tunani, sai na ga ni ma ban kuɓuta ba. Shekara da shekaru ina ɗiba, ban taɓa mayar da ko harafi ɗaya ba.

Rijiya kuwa in ba a yashe ta, ƙafewa ta kan yi. A 2014 aka gano wani babban aibi, wanda aka laƙaba wa Heartbleed, cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare asirin shafuka masu ɗimbin yawa. Sa'an nan ne duniya ta farga cewa mutane ƙalilan ne ke kula da ita, da kuɗi kaɗan.

Don haka na ke kira gare ku, malamai. Ba sai gwanin kwamfuta ba. Wanda ya iya Turanci da Hausa ya taimaka a juya kalmomin manhajojin nan, irin su WordPress, zuwa harshenmu. Wanda ya ga ɗ da ƙ da ɓ sun fito a karye ya rubuta wa masu gyara. Wanda ya koya ya koya wa biyu. Ni dai na fara, ko wace Asabar ina juya kalma ashirin.

Haza wasalam.

Naka,
Wani Malami, Ƙauran Namoda.