Daga Tozai Zuwa Kakuri, Inda Jiniya Ta Yi Shiru

Wannan mako za mu ba ku labarin tafiyar da muka yi daga Tozai ta ƙasar Isa, can kan iyakar Gobir, har zuwa Kakuri da ke kudancin Kaduna. Abin da ya tayar da mu kuwa wata tsohuwar takarda ce.

Mun je Tozai gaisuwar 'yan'uwa, sai wani dattijo maƙwabcin mai masaukinmu ya ji an ce akwai ma'aikatan gwamnati a cikinmu. Bayan La'asar ya zo da jakar fata, ya fito da katin aiki wanda ya yi ja don tsufa, da takardar sallama daga wata masaƙa ta Kakuri inda ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban injin saƙa. Ya roƙe mu mu bincika masa ko da sauran ofishin da zai kai kukansa, domin tun ran da aka rufe ƙofa bai ga kuɗin sallamarsa ba. Muka ce, "To, Baba, in Allah ya yarda za mu je mu gani." Ka ji yadda nauyi ya hau kanmu.

Muka bi ta Isa da Shinkafi, hanyar da ba a binta da sakin jiki a 'yan shekarun nan saboda 'yan bindiga, ga gonaki da yawa sun koma saura. Muka yada zango a Ƙauran Namoda, inda hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ƙare a 1929. Nan ne da can ake loda gyaɗa da auduga da fatu na gabashin Sakkwato, nan ne kuma 'yan cirani daga Isa da Sabon Birni ke shiga jirgi in an gama girbi. Daga nan sai Gusau da Funtuwa, garuruwan injin gurzar auduga, sa'an nan Zariya, sa'an nan Kaduna. Watau hanyar da auduga ta bi, ita mutane suka bi.

Kaduna ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina. Turawa ne suka mai da ita hedkwatar Arewa a 1917, bayan sun taso daga Zungeru. Kakuri kuwa masaƙu ne suka raya ta. A zamanin gwamnatin Sardauna, Sir Ahmadu Bello, aka haɗa jari da kamfanin David Whitehead na Ingila aka kafa Kaduna Textiles, ta fara aiki a 1957, don a riƙa saƙa audugarmu a gida maimakon a kai ta Ingila a komo mana da ita da tsada. Tsakanin 1962 da 1965 sai ga Nortex, ga United Nigerian Textiles ta 'yan kasuwar Hong Kong, ga Arewa Textiles ta mutanen Japan. Aka kafa ma'aikatar makamai a 1964, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980.

Tsofaffin da muka tarar a Kakuri da Makera sun ce da jiniya ake sanin lokaci. In ta yi kuka, masu aikin dare na fita masu aikin safe na shiga, kekuna sun cika titi har mota ba ta samun hanya. Bagobiri da Batibi da Banufe da Bayarabe suna tsaye a layi ɗaya, suna haya a gida ɗaya. Mai shayi da mai tuwo da tela da mai gidan haya duk ƙarshen wata suke jira tare da ma'aikaci. A nan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ta yi hedkwata, kuma daga Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya taso har ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta Nijeriya a 1999. Albashin Kakuri ya sa kwano a ɗakuna da yawa na ƙasar Gobir, ya sayi shanun noma, ya aurar da 'ya'ya.

To, yaya aka yi abin ya lalace? Ba rana ɗaya ba ce. Tun daga tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Wutar lantarki ta ƙi zama, baƙin man tukunyar tururi ya yi wuyar samu, noman auduga ya ja baya. A 1997 aka ɗage takunkumin shigo da yadi, bayan wanda ake satar shigowa da shi ta kan iyaka, har da atamfar waje mai ɗauke da zane da tambarin ta gida. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsai da aiki a 2007. Rikice-rikicen 2000 da 2002 kuma suka raba maƙwabtan da aiki ya haɗa, kowa ya koma ɓangaren kogin da nasa suka fi yawa. Mun zagaya mun ga ƙofofi a garƙame, ciyawa ta haye bango, rufi ya ɓurma.

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai wannan ya samu. A Amurka akwai birnin Ditroyit, uwar masana'antar motoci, inda Henry Ford ya kafa kamfaninsa a 1903. Da ya mai da ladan yini dala 5 a 1914, mutane suka kwararo: baƙaƙen fata daga kudancin ƙasar, da mutanen Poland, da Larabawan Sham, waɗanda Musulminsu suka gina masallaci a Highland Park a 1921. A 1950 mazauna birnin sun haura miliyan ɗaya da dubu 800. Da masana'antu suka ƙaura, ƙidayar 2020 ta sami kimanin dubu 640 kawai. A 2013 hukumar birnin ta je kotu ta ce ta karye, bashi ya kai kimanin dala biliyan 18, har aka zaftare fenshon tsofaffin ma'aikatanta. Amma a Hamtramck, wani ƙaramin gari a tsakiyarsa, mutanen Yaman da Bangaladash sun shiga gidajen da aka bari, suka buɗe kantuna, har majalisar garin ta yarda da kiran salla da lasifika a 2004. Ashe ƙananan 'yan kasuwa na iya hura wa kango rai.

Abin lura a nan shi ne, garin da ya rataya abincinsa ga sana'a ɗaya, ran da igiyar ta tsinke kowa zai faɗi. Ɗan'uwa ɗan kasuwa, duk dilar yadin da ta shigo ta ɓarauniyar hanya, ribarta a aljihunka, asararta a tukunyar wani. Ɗan'uwa ma'aikaci, fayil ɗin da ka danne a kan tebur, haƙƙin wani tsoho ne wanda ƙarfinsa ya ƙare. Gumin lebura bashi ne, ba ya ruɓewa don an rufe ƙofa. Mu kuma tuna, jikokin masu shiga jirgi a Ƙaura suna nan a Tozai da Isa da Sabon Birni, gona ta gagara, masaƙa babu.

Masaƙar Baba mun same ta a kulle, sai mai gadi. A gindin wata bishiya muka tarar da tsofaffin abokan aikinsa, kowa da irin takardarsa a aljihu, suka ce waɗansu sun rasu suna jira. Suka rubuta sunansa a littafinsu, suka ce mu gai da shi. Abin da muka kai masa Tozai ke nan. Ya karɓi takardarsa, ya naɗe, ya mayar cikin jaka, ya yi mana godiyar wahala.

Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin da ke wuyanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.