Kafin a Rufe Rajista

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

'Yata Ummi ta dawo daga kafe da takardar biyan kuɗin rajistar jami'a. Kuɗin karɓar gurbi tun watan jiya muka biya, wannan shi ne babban. Jimillarsa ta kusa albashina na wata biyu, kuma ranar Juma'ar mako mai zuwa za a rufe shafin. Na sa tabarau na bi layi-layi: jarrabawa, laburare, ɗakin gwaje-gwaje, asibiti, katin shaida, wasanni, intanet. Ba a rubuta kuɗin koyarwa ba, domin a hukumance jami'o'in tarayya ba sa karɓarsa, kuma fadar shugaban ƙasa ta sake jaddada haka a 2023 lokacin da makarantu suka yi ta ƙarin kuɗi. Ta tsaya a bakin ƙofa tana duban fuskata. Na ce, "Je ki ci abinci, Allah zai rufa asiri." Ta ce, "To, Baba."

Talata, 5 ga Nuwamba

A ofishin malamai na nuna wa wani abokin aikina takardar, shi ƙaninsa yana aiki a sashen kuɗi na wata jami'a. Ya ce kada in ɗora wa makarantun laifin duka. Gwamnati tana biyan albashin ma'aikata, amma abin da take bayarwa na tafiyar da harkokin yau da kullum ba ya kaiwa ko'ina. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 yau ta haura 1,000. A Afrilun bana kuma aka ninka kuɗin wutar 'yan rukunin A fiye da sau uku, daga naira 68 zuwa 225. Dole a kunna injin, a ja ruwa, a sayi kayan gwaji. Na yarda da maganarsa. Abin da ke ci mini rai shi ne, duk giɓin da aka bari a sama, gangarowa yake yi har ya sauka a kan uban yaro, shi kuwa ba shi da na ƙasa da zai miƙa wa.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Bayan la'asar muka tafi kafe tare da Ummi don neman bashin ɗalibai na NELFUND. Shagon cike yake, janareta na ruri, yara sun yi layi kowa riƙe da fayil. Yaron da ke kan kwamfutar ya san aikinsa, shi ya warware mini yadda abin yake.

An fara sa hannu a dokar a Yunin 2023, amma da sharuɗɗa masu tsauri, har da kawo masu tsaya wa mutum da kuma iyakar abin da iyaye ke samu a shekara. A Afrilun 2024 aka sake ta aka cire waɗannan, sannan aka buɗe shafin a watan Mayu. Kuɗin rajista kai tsaye ake tura wa makaranta, ɗalibi kuma in ya nema ana ba shi naira 20,000 duk wata na ɗawainiya. Babu ruwa a kai. Sai shekara biyu bayan bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Ana son lambar JAMB, da NIN, da BVN, duk tana da su.

Da aka zo wajen lambar ɗalibi sai muka tsaya cak. Sai makaranta ta tura sunayen ɗalibanta shafin zai gane mutum, sabon shiga kuwa ba ya samun lamba sai ya gama rajista, rajista kuma sai da kuɗi. Yaron ya ce, "Baba, ku nemo ku biya na bana, in ta samu lamba sai ta cike." Shawara ce mai kyau ga wanda yake da inda zai nemo. Tsarin alheri ne, ina fatan ya ɗore, amma ƙofar farko ita ce mafi wuyar shiga ga ɗan talaka, kuma a nan ne bai samu mai riƙe masa hannu ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Mamansu ta je wajen uwar adashi. Kwasarta sai Janairu, ta roƙi a musanya mata da mai ɗaukar wannan makon. Matar ta ce ita ma kayan ɗakin 'yarta take haɗawa, amma ta yarda a raba biyu. Da wannan kuɗin mamansu ta yi niyyar sauya keken ɗinkinta. Ba ta ko ambata ba, ta ce, "Malam, ga wannan a ƙara."

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Bayan an sauko masallaci na zauna da wani dattijo a unguwarmu, tsohon ma'aikaci da ya yi karatu a Zariya. Ya ce a zamaninsu da tikiti suke cin abinci a ɗakin cin abinci na makaranta, ga tallafin jiha yana zuwa. A Afrilun 1978 kwabo 50 aka ƙara a kuɗin abincin yini, ɗalibai suka fito a faɗin ƙasa suna neman a sauke kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayuka a Legas da Zariya. Ya ce yawancin manyan da ake ji da su yau 'ya'yan manoma ne da aka ɗauke wa iyayensu nauyin karatu. Na san ɗaliban lokacin kaɗan ne in aka kwatanta da yanzu, ba na cewa a dawo da tikitin abinci. Amma waɗanda suka ci moriyar wancan tsari su ne ya fi dacewa su fahimci halin da yaranmu ke ciki.

Na kuma tambayi liman hukuncin bashin, don hankalin mamansu bai kwanta ba. Ya ce muddin abin da aka karɓa shi za a mayar ba ƙari, bai ga laifi ba, sai dai a shiga da niyyar biya.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Jiya na tafi ƙauye wajen Yaya, na kwana. Ban iya buɗe baki ba sai bayan isha'i muna zaune a zaure. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ai 'yata ce. Likitan dabbobi ka ce za ta karanta?" Na ce kimiyyar magunguna. Ya ce duk ɗaya, a kai ta.

Da asuba ya sa yara suka fito da masara daga ɗakin ajiya. Ina tsaye ana aunawa da kwano ana zubawa a buhu, yana ɗinke baki da basilla da kansa, ƙurar hatsin ta yi fari a gemunsa. Yanzu kaka ce, hatsi ya cika kasuwa, farashi yana ƙasa. Wannan masarar ya ajiye ta ne sai bazara, lokacin da za ta yi daraja ya sayi taki da kuɗinta. Dillali ya taya, Yaya ya ce albarka, aka ja kaɗan, ya sallama. Ya ƙirga kuɗin ya miƙo mini gaba ɗaya, ko na mota bai cire ba. Ya san asarar da ya yi, ni ma na sani. A hanyar dawowa na yi ta tunanin cewa takin baɗi ne na ɗauko a aljihuna.

Talata, 12 ga Nuwamba

Mun biya. An fitar da lambar RRR ta Remita, na kai banki, na bi layi har azahar. Da yamma shafin ya nuna an karɓa. Ummi ta buga rasit kwafi-kwafi, ta sa aka lulluɓe ɗaya da leda. Ta durƙusa ta yi godiya, na ce wayar baffanta za ta kira.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Mun zauna da takarda da biro mun yi lissafin abin da ya rage, sai na ga rajistar ma somin-taɓi ce. Gadon kwana a cikin makaranta ba ya isar ɗalibai, haya a waje kuma ta shekara ake biya dunƙule. In daga gida za ta riƙa zuwa, adaidaita sahu biyu ne zuwa, biyu dawowa, kullum. Ga farar rigar ɗakin gwaji, ga littattafai da hoton takardu, ga data, ga abin da za ta sa a ciki da rana. Shekara biyar ake wannan karatun in ba a yi yajin aiki ba. Na 2022 wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba, masu haya suka biya kuɗin ɗakin da ba su kwana a ciki ba. Mun yanke za ta riƙa tafiya daga gida da abincinta a kula, zuwa a ga yadda sabon albashin da aka ce zai fara a ƙarshen watan nan zai kasance.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Yau aka rufe shafin. Da safe maƙwabciyarmu ta shigo, mijinta ya rasu shekarun baya, ɗanta shi ma ya samu gurbi a makarantar, sashen lissafi. Ta haɗa fiye da rabi, sauran ya gagara. Na koyar da yaron, na san ƙwaƙwalwarsa. A 2023 gwamnatin Kano ta biya wa ɗaliban Jami'ar Bayero 7,000 kuɗin rajista, wasu masu hali ma sukan ɗauki nauyin yara, amma irin wannan sai an dace, ba abin da uwa za ta yi lissafi da shi ba ne.

Da za a bar iyaye su biya kashi biyu, rabi yanzu rabi a zango na biyu, da yaron nan ya shiga ya samu lambarsa ya nemi bashin. Da za a sa ranar rufewa bayan an yi albashi, da wasu da yawa sun tsallake. Ba kuɗi waɗannan za su ci wa kowa ba.

An ce wani lokaci akan ƙara wa'adi tare da tarar makara. Na rubuta masa takardar roƙo zuwa ofishin kula da harkokin ɗalibai, zai kai ranar Litinin. Bayan magariba ni da liman za mu zaga wajen mutanen layinmu, mu ga abin da za a iya haɗawa.