Shimfiɗar Kasuwa a Cikin Kwamfuta

Kwana biyu kun ji ni shiru, aiki ne ya yi yawa a shago. Yau kuskurena zan ba ku labari, ko wani zai tsira da shi.

Kamar yadda kuka sani, Baba albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12 nan Legas, ni kuma tun da na gama sakandare nake koyon gyaran waya da kwamfuta a Ikeja. A wajen maigidana na fara ganin Linux, da baƙin allon nan da ake rubuta umarni a kai. Shi ya koya min cewa duk aikin da ba zai kwana ba, kamar kwance ƙunshin zip ko gwada sabuwar manhaja, kada in cika burgamina da tarkacensa. Sai dai in rubuta mktemp -d. Nan take kwamfuta za ta buɗe sabon burgami a cikin /tmp, ta sa masa suna da haruffa 10 na barkatai, kuma sauran masu amfani da kwamfutar ba su iya leƙawa. Umarnin ba sabo ba ne, tun 1997 ya fito a OpenBSD.

Abin ya yi min daɗi don ya yi kama da shimfiɗar Baba. Da safe ya baza buhu ya zuba albasa, da yamma ya kakkaɓe ya naɗe. Har na koyi sa wannan a saman ɗan rubutun umarnina:

d=`mktemp -d`
trap 'rm -rf "$d"' EXIT

Ma'ana, da zarar aiki ya ƙare, burgamin ya share kansa.

To, ranar nan wata baiwar Allah ta kawo katin wayarta ya lalace, akwai hotunan marigayiya mahaifiyarta a ciki. Na sa PhotoRec ya tono su, sun fito lafiya. Don sabo, sai na zuba su a /tmp. Na goge katin na gyara mata shi, na ce gobe ta zo da filashi ta karɓi hotuna. Ba a jima ba aka ɗauke wuta, batirin kwamfutarmu kuma ya daɗe da mutuwa. Da na sake kunnawa, wayam! Ubuntu tana share /tmp duk lokacin da aka tayar da kwamfuta. Na sani sarai, mantawa na yi.

Wallahi jikina rawa yake na buga mata waya, na ce Hajiya don Allah kada ki ɗauki hoto ko ɗaya da katin nan. Ta riga ta ɗauki wasu, sun hau kan tsofaffin. Washegari na sake tonowa, yawanci sun dawo, amma ba duka ba. Ba ta yi min faɗa ba, ta dai ce Allah ya kyauta. Da ma zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Da na gaya wa Baba, tambaya ɗaya ya yi min: ka taɓa ganin na bar cinikin rana a kan shimfiɗa na tafi masallaci?

Ban daina amfani da mktemp ba, laifin ba nasa ba ne. Amma yanzu kafin in tashi ko ruwa zan sha, duk abin da ba nawa ba sai na kwafe shi da cp zuwa burgami mai ɗorewa, na kuma duba da idona. In aikin zai kwana, a /var/tmp nake yi, shi tayar da kwamfuta ba ya share shi. Masu Debian 13 ta 2025 kuma ku lura, /tmp ɗinku a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake zaune, wuta na ɗaukewa ya tafi.

Kuma ba na sake goge katin kowa sai mai shi ya ga hotunansa a hannunsa.

Sai mun sake haɗuwa. Ku sa mu a addu'a.