Mutum Na Goma: Me Ya Sa Iyalin Bayahude Ke Rajista da Majami'a?

A addinin Yahudu akwai ibadun da ba sa yiwuwa sai baligai goma sun hallara, taron da suke kira minyan. Ba a fito da naɗaɗɗen littafin Attaura a karanta wa jama'a sai an cika goma. Haka ma Kaddish, addu'ar da ɗa ke yi kullum har wata 11 bayan rasuwar mahaifinsa ko mahaifiyarsa. 'Yan Otodoks maza kaɗai suke ƙirgawa, daga shekara 13 zuwa sama, sauran manyan ɓangarorin kuma suna haɗawa da mata. A bisa al'ada, wanda aka yi wa rasuwa, komai iliminsa komai dukiyarsa, ba zai sauke wannan nauyi shi kaɗai a ɗakinsa ba. Sai wasu mutum tara sun baro shimfiɗarsu da sassafe, ran Talata ko Laraba, alhali babu abin da ya same su. A ganina duk darajar zama ɗan majami'a tana nan: ka yarda a ƙirga da kai ranar da wani ke bukata, tun kafin taka ranar ta zo.

Na kawo maganar ne saboda a Amurka, inda Yahudawa suka fi yawa a wajen Isra'ila, abin yana ja da baya. Binciken cibiyar Pew na 2020 ya ƙiyasta su kusan miliyan 7.5, amma kashi 35 cikin ɗari ne kawai suka ce su ko wani a gidansu yana da rajista da majami'a. Sauran ba ridda suka yi ba. Da yawansu suna taruwa cin abincin Idin Ƙetarewa, wasu suna azumin Yom Kippur, kawai dai suna ganin za su iya riƙe Yahudancinsu ba tare da sunansu na cikin littafin kowa ba.

Tarihin kakanninsu a ƙasar bai goyi bayan wannan tunani ba. A 1654 Yahudawa 23 suka sauka New Amsterdam, wadda ta zama New York, bayan sun baro Recife ta Birazil. Cikin abubuwan farko da suka roƙi hukuma akwai filin maƙabarta, suka same shi a 1656, ginin majami'a kuwa sai 1730 ya tashi. Sun san mutuwa ba ta jira a gama gini. Har yau akwai ƙungiyar 'yan sa kai da ake kira hebra kadisha, su ke wanke mamaci, su sa masa farin likkafani marar ado, wani ya zauna kusa da gawar yana karanta Zabura har a kai ta makwancinta. Daga nan iyali su shiga zaman makoki na kwana bakwai, a rufe madubai, su zauna kan gajerun kujeru, maƙwabta su kawo abincin farko da dafaffen ƙwai a ciki, da yamma kuma mutum goma su zo har falo a yi addu'a. Duk wannan hidima mutane ne da suka san juna suke yin ta, wani ya ajiye lambobin waya, wani ya koya wa matasa yadda ake wankan. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Ingila ma, majami'un da ke ƙarƙashin United Synagogue, wadda aka kafa a 1870, suna haɗa wa mambobinsu tsarin da ke ɗaukar nauyin jana'iza.

Babban ƙorafin masu ƙin rajista shi ne kuɗi, kuma ƙorafi ne mai nauyi. A majami'u da yawa na Amurka kuɗin shekara na iyali guda yakan kai dubban daloli, ga kuɗin makarantar yara, ga tikitin kujera na manyan idodi biyu, Rosh Hashana da Yom Kippur. Ga mai karatu da ya saba shiga masallaci ko coci ba a tambaye shi ko sisi ba, wannan abin ɗaure kai ne. Yana da dalili: shari'arsu ta hana taɓa kuɗi ranar Asabar da ranakun idi, don haka ba a zagayawa da faranti a ranar da jama'a suka fi cika, kuma gwamnatin Amurka ba ta tara musu harajin addini yadda ake yi a Jamus. Albashin rabbi (malamin majami'a), wuta, gyaran rufi, duk a wuyan mambobi suke. Bayan harin majami'ar Tree of Life a Pittsburgh ranar 27 ga Oktoba 2018, inda aka kashe masu ibada 11, kuɗin masu gadi ya ƙaru a kai. Amma dalili bai wanke kunyar da ake jefa talaka a ciki ba, idan sai ya zauna gaban kwamiti ya bayyana samunsa kafin a yi masa rangwame. Wannan kuskure ne, majami'ar da ke yin haka da hannunta take korar na gomanta.

Wasu kuma sukan nuna ƙungiyar Chabad, mabiya Rabbi Menachem Mendel Schneerson na Brooklyn wanda ya rasu a 1994, wadda cibiyoyinta galibi ba sa neman rajista, kowa ya zo a karɓe shi. Gaskiya ne, ta jawo mutane da yawa da suka yi nisa. Sai dai abincin da ake ci a can da hayar ginin wasu ne ke biya, kuma rabbi da matarsa ne ke ɗauke da kusan komai. Baƙo yana morar karamci, amma ba shi da bakin magana a kan yadda ake tafiyar da wurin, ba kuma wanda zai buga masa waya ya ce an rasa mutum ɗaya, ya hanzarta. Hujjar cewa intanet za ta iya maye gurbin zuwa majami'a ita ma ta sami gwaji a 2020, lokacin kullen korona, da majami'u da yawa suka koma Zoom. Ta amfani tsofaffi da marasa lafiya ƙwarai, ya kamata a bar musu ita. Amma wankan gawa da kai wa mai jego abinci ba sa yiwuwa ta allo.

Inda rajista ta fi tasiri a iyali shi ne wajen yara. Yaron da zai hau mumbari a shekara 13 ya rera rabonsa na Attaura da Ibrananci yakan shafe shekaru yana koyo, yarinya kuma a 12 ko 13. Iyaye da yawa suna shiga saboda wannan biki, su fice da zarar an watse, sai yaro ya ɗauka cewa majami'a zauren haya ce. Wanda iyayensa suka zauna kuwa yana tashi cikin tsofaffin da ba danginsa ba amma sun san sunansa, suna gyara masa karatu, kuma daga ranar bikin shi ma ana ƙirga shi cikin goma. Ga ƙorafin kuɗi kuwa, gyaran da ake bukata a hanyar karɓarsa yake, an kuma fara shi: tun bayan matsin tattalin arziki na 2008 wasu majami'u suka soke ƙayyadadden kuɗi, suna faɗa wa jama'a abin da hidimar shekara ke ci, kowane gida ya yi alkawarin abin da zai iya, a rubuta sunansa ba tare da an tambaye shi albashinsa ba.