Taurarin da Kano Ta Rasa Suna Kudu

Da wuya yaron da ya tashi a birnin Kano a yau ya ga farar hanyar taurarin nan da ta ratsa sama, wadda Larabawa ke kira Majarra. Hasken fitilunmu ne ke tashi sama, ya haɗu da ƙura da hayaƙi, ya dawo ya zame mana labule. A 2016, wani nazari da Fabio Falchi ya jagoranta ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na mutanen duniya ba sa iya ganinta daga inda suke zaune.

Sa'ar Bakano ita ce labulen yana saurin yayewa. Bisa wata ƙa'ida da masana falaki ke aiki da ita, duk sanda ka ninka nisanka daga birni, hasken da ke rufe maka sama yana raguwa kusan sau shida. Rano na da nisan kimanin kilomita 50 daga Kano idan aka auna a miƙe, Kibiya kuma tana gabas da ita kaɗan.

Dalilin da ya sa nake bin hanyar Bunkure zuwa can, maimakon in nufi arewa, shi ne alƙibla. Mafi yawan abin kallo a samaniyarmu yana kudu. A can tsakiyar Majarra take, a can kuma Suhailu yake, tauraro na biyu a haske cikin dare, wanda mutanen Ingila ba sa ganinsa ko kaɗan. Wanda ya tsaya arewa da birni, ta cikin hasken Kano zai riƙa leƙen waɗannan. Wanda ya tsaya a Rano ko Kibiya kuwa ya ba wa hasken baya. Duwatsun yankin ma suna taimakawa: ka sami wanda zai shiga tsakaninka da fitilun gari, ka zauna a kudancinsa.

Sai zaɓen lokaci. Farin wata yana shafe ƙananan taurari, don haka kalandar Musulunci ce jagora: daga wajen 25 ga wata zuwa 3 ga mai kamawa. Hazon hunturu na dusashe sama, damina kuma ga gajimare, ko da yake daren da aka ɗauke ruwa aka washe ba shi da na biyu, kuma a lokacin ne tsakiyar Majarra ke sama da dare. Mafi tabbas shi ne kaka, daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da Kaza da 'ya'yanta ke fitowa daga gabas bayan magariba. Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma duba waya sau ɗaya ya isa ya mayar da kai baya.

Akwai ladabin wurin. Baƙon da aka gani cikin gona da tsakar dare abin zargi ne, musamman a wannan zamani. Nakan isa da rana, in gaida mai unguwa, in faɗi abin da ya kawo ni, in nemi ɗan rakiya. Rufaffen takalmi wajibi ne, domin maciji da kunama ma suna son dutse. Ribar gaisuwar ta wuce tsaro. A irin wannan zama na ji dattawa suna lissafa taurarin damina, Haƙa'a, Han'a, Zira'a, suna danganta su da shuka da noma. Manazili 28 ne na wata da malamanmu suka daɗe suna karantarwa, kuma ilmi ne da ba ya ɗorewa inda ba a ganin sama.

Sai dai akwai abin da ya kamata ɗan birni ya faɗa wa kansa. Duhun da muke tafiya nema, rashin wuta ne ga mai zaune a cikinsa. Fitilun sola da ke yaɗuwa a ƙauyuka sun sa ɗalibi na karatu da dare, mai shayi na ƙara ciniki, mata na tafiya da kwanciyar hankali. Ba ni da bakin cewa a kashe su don in ga tauraro.

Abin da za a iya nema ƙarami ne: fitilar da aka yi wa hula, aka sunkuyar da ita ƙasa, mai haske ruwan ɗorawa maimakon fari fat. Ita ta fi haska hanya, domin hasken da ya tafi sama asara ne. Duk mai hannu a kwangilar fitilun karkara, kansila ne ko injiniya, zai iya rubuta wannan sharaɗi cikin layi ɗaya. Idan aka yi haka tun yanzu, Rano da Kibiya za su sami wuta ba tare da sun biya da samaniyarsu ba, kamar yadda Kano ta biya.